Darasi Kan Tattalin Kuɗi: Yadda Ake Zaɓen Kwalejin Horon Malamai Mai Sauƙi

A kowace shekara, idan lokacin neman shiga manyan makarantu ya kama, tambayar da iyaye suka fi yi game da kwalejojin horon malamai ita ce nawa ne kuɗin rajista. Tambayar tana da amfani, amma ba ta isa ba. Kuɗin rajista kashi ɗaya ne kawai daga cikin abin da gida zai kashe tun daga ranar da yaro ya shiga makaranta har ranar da ya karɓi albashinsa na farko, kuma sau da yawa shi ne kashin da ya fi ƙanƙanta. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, wannan lissafi ya ƙara zama wajibi.

Kafin a yi maganar kuɗi, ya kamata mai karatu ya san takardar da ake nema. Bisa tsarin ilmi na ƙasa, takardar shaidar malanta ta NCE ita ce mafi ƙanƙanta da ake yarda mutum ya koyar da ita a Nijeriya, tun da aka daina aiki da tsohuwar takardar malamai mai daraja ta biyu. Shekara uku ake yi a same ta. Digirin ilmi kuwa shekara huɗu ne ga wanda ya shiga jami'a daga sakandare. Wanda ya riga ya mallaki NCE yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu na jami'a, ya ƙara shekara uku. Watau ke nan wanda ya bi ta kwaleji zai kai ga digiri cikin shekara shida, abokinsa da ya wuce jami'a kai tsaye kuma cikin huɗu.

A ido, hanyar jami'a ta fi araha da shekara biyu. Sai dai akwai abin da wannan lissafi ya ɓoye. Mai NCE yana da takardar neman aiki a hannunsa bayan shekara uku, yana iya kama koyarwa ya ci gaba da karatun digiri a lokacin hutun makarantu ko a ƙarshen mako, da albashinsa, ba da aljihun mahaifinsa ba. Ɗan jami'a kuwa sai ya cika huɗunsa, idan yajin aiki bai ƙara masa ba, kamar yadda ya faru a 2022 lokacin da malaman jami'o'i suka yi wata takwas ba su shiga aji ba, sa'an nan ya tafi bautar ƙasa. Gaskiya ne cewa a aikin gwamnati mai digiri yakan fara a mataki na 8, mai NCE kuma ƙasa da haka. Amma ga gidan da ke da yara biyar a layi, rage shekara ɗaya ko biyu na ɗaukar nauyin babban ɗa ba ƙaramin abu ba ne. A ganinmu, gidan da ƙarfinsa kaɗan ne ya fi dacewa ya fara da NCE. Har ila yau ƙofarta ta fi faɗi: a 2025 hukumar JAMB ta tsayar da maki 100 a matsayin mafi ƙanƙanta na shiga kwalejojin ilmi, ta tsayar da 150 na jami'o'i.

Wani sauyi da ya kamata a lura da shi shi ne dokar kwalejojin ilmi na tarayya ta 2023, wadda ta ba waɗannan kwalejoji ikon bayar da NCE da kuma digiri da kansu, ba sai sun raɓu da wata jami'a ba. Wasu tsofaffin kwalejoji ma, irin su ta Zariya, da ta Kano, da Adeyemi ta Ondo, da Alvan Ikoku ta Owerri, an mai da su jami'o'in ilmi. A Legas, gwamnatin jiha ta haɗe kwalejojinta biyu a 2022 ta kafa jami'ar ilmi. Saboda haka kada uba ya dogara da abin da ya sani game da wata makaranta shekara goma da suka wuce. A je a tambayi irin takardar da take bayarwa yanzu, da shekarun da ake yi, da jadawalin kuɗinta na bana a rubuce.

Game da mallakar makaranta, kwalejoji iri uku ne: na tarayya, na jihohi, da masu zaman kansu. Na gwamnati sun fi sauƙi domin gwamnati ke biyan albashin malamansu, asusun TETFund kuma, wanda ke samun kuɗinsa daga harajin da ake ɗora wa kamfanoni, yana taimakawa da gine-gine da kayan aiki. Masu zaman kansu ba su da rabo a wannan asusu, don haka komai daga kuɗin ɗalibi yake fitowa. Tsakanin na tarayya da na jiha akwai bambancin da ya shafi Hausawa mazauna kudu ƙwarai. Kwalejojin jihohi da yawa sukan caji wanda ba ɗan asalin jihar ba fiye da ɗan jiha, ko da kuwa a Agege ko a Sabon Ibadan aka yanke masa cibiya. Kwalejin tarayya ba ta yin wannan bambanci. Yaron da iyayensa ke Legas yana da ta Akoka kusa da shi, na Ogun yana da ta Abeokuta, na Kogi yana da ta Okene, ga kuma ta garin Oyo da ta ƙware wajen horar da malaman makafi da kurame da sauran masu buƙata ta musamman.

A nan ne maganar nisa ta shigo, kuma ita ce ta fi cin kuɗi ba a sani ba. Ɗalibin da ke kwana a gidansu yana cin tuwon gida, kuɗin mota kaɗai zai nema. Wanda aka tura wata jiha don an ji rajistarsu ta fi arha, zai biya ɗakin kwana, idan bai samu a cikin makaranta ba ya kama haya a gari, ya sayi abinci, ya yi tafiya gida aƙalla sau biyu a shekara. Rarar da aka samu a rajista takan ƙare tun kafin zango na farko ya ƙare. A ƙara da zangon koyarwar gwaji, lokacin da ake tura ɗalibi wata makaranta, wani lokaci a ƙauye, ba tare da albashi ba, da kuma kuɗin rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe. Masu karanta sana'a da fasaha suna da ƙarin kuɗin kayan aiki. Ga iyayen da dole su tura 'ya mace nesa, yana da kyau su san cewa kwalejin ilmin fasaha ta tarayya da ke Gusau ta mata ce zalla.

Wanda ya riga ya kama aiki, ko matar aure da ba za ta iya barin gida ba, suna da wata hanyar. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, watau NTI, wadda aka kafa a 1976 domin samar da malaman shirin ilmin firamare kyauta, tana koyar da NCE daga nesa a cibiyoyinta da ke jihohi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana bayar da digirin ilmi ta irin wannan hanya. Karatun yakan ɗauki lokaci fiye da na zaman aji, kuma yana buƙatar mutum mai iya tsare kansa ya yi karatu ba da mai tsaye a kansa ba, amma albashi ko cinikin kasuwa ba ya yankewa. Mai digiri ko babbar difloma a wani fanni kuwa ba ya buƙatar komawa farko. Babbar diflomar ilmi ta PGDE ta ishe shi.

Akwai arhar da ba ta ado. Cibiyoyi na nan birjik a garuruwa da ke kiran kansu reshen wata kwaleji, suna karɓar kuɗi kaɗan kaɗan, a ƙarshe su miƙa takardar da babu mai karɓa. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tantance kwalejoji da kwasa-kwasansu, kuma tantancewar kwas-kwas ake yi, don haka makaranta na iya zama halattacciya alhali kwas ɗin da aka ba yaro bai samu amincewa ba. A tabbatar kuma sunan ɗalibi ya bi ta hannun JAMB. Bayan kammalawa akwai rajista da Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, da jarrabawarta ta ƙwarewa. Ita ma da kuɗinta, a sa ta cikin lissafi.

Saura bashin karatu. A 2024 asusun NELFUND ya fara bai wa ɗaliban makarantun gwamnati, har da kwalejojin ilmi, rance marar ruwa: yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya kuma ba ɗalibin da ya nema N20,000 a wata na ɗawainiya. Ana biya ne da kashi 10 cikin 100 na albashi bayan an kama aiki. Mu ɗauki misali. Idan ɗalibi ya karɓi kuɗin ɗawainiya wata goma a shekara har shekara uku, ya ci N600,000. Idan ya fara aiki a kan mafi ƙanƙantar albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024, za a riƙa cire masa N7,000 a wata, watau zai haura shekara bakwai yana biya, ba a ma haɗa da kuɗin makarantar ba. Da yake rancen ba shi da ruwa, ɗaukar na rajista ya fi a bar karatu a tsakiya. Na ɗawainiya kuwa, ɗalibin da ke kwana a gidan iyayensa yana iya haƙura da shi, ya rage wa albashinsa na gaba waɗannan shekaru bakwai.