Tsiron Da Ke Zama A Tsagar Dutse

Makiyayi ko mafarauci da ya hau dutse da rani yakan ci karo da wani ɗan tsiro a cikin tsaga, ya bushe ƙayau, ya nannaɗe. Kowa ya gan shi sai ya ce ya mutu. To, da ransa, ruwa kawai yake jira. Da an yi ruwan farko ganyensa zai warware, ya koma kore shar.

Masana na kiransa Actiniopteris radiata, kuma dangin agugu ne, saiwar nan da masu magani ke bayarwa don tsila. Tsayinsa bai cika wuce taƙi guda ba. Ganyensa a tsattsage yake, a baje, sai ka ce na giginya aka ƙanƙanta. Ana samunsa a duwatsun busassun ƙasashe, daga Mali da Nijeriya da Cadi zuwa Sudan da Habasha da Yaman, har Indiya, inda ake sa shi cikin maganin gargajiya.

Abin da ya kamata jama'a su fahimta shi ne yadda yake yaɗuwa. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. A juya ganyen a duba bayansa: bakin ya tanƙwaso ciki, ya rufe wani gari mai launin ƙasa. Wannan garin iska ke kwasa. In Allah ya sa ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin tsaga mai laima, sai ta fid da wani ɗan falle kore wanda bai kai farce ba, kuma shi ma ba zai haifar da sabon tsiro ba sai ruwa ya jiƙa shi. A ƙasar da damina ke wata uku ko huɗu, wannan dace ba ƙarami ba ne.

Saboda haka tumɓuke shi da saiwa ɓarna ce mai wuyar gyara. Haka cinna wa gindin dutse wuta don a kori gafiya ko zomo, domin 'yar ƙasar da ta taru a tsagar, wadda ta ɗauki shekaru kafin ta taru, ita ce gonarsa. Masu fasa dutse kuwa, tsiron da mazauninsa suke lodawa a mota gaba ɗaya.

Mai buƙatarsa don magani ya tsinki ganye kaɗan, ya bar gindin. Malaman makaranta kuma su kai yara dutse sau biyu, kafin ruwa ya sauka da bayan ya sauka, su nuna musu tsaga ɗaya.