Yadda Mai Shago a Shamaki Zai Zaɓi Manhaja Ba Tare da An Ƙware Shi Ba

A Tudun Wadan Shamaki, daura da Jami'ar Jihar Gombe, shagunan buga takardu ba sa rabo da aiki. Ɗalibai na kawo kundin kammala karatu, masu biki na neman katin gayyata, 'yan siyasa na son fasta. Duk aikin nan da manhaja ake yin sa, kuma manyan kamfanonin da ke ƙera ta sun fi son ba da ita haya a kan sayarwa. Tun 2013 Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na saye sau ɗaya, sai dai biyan wata-wata ko shekara-shekara.

Da farko mai shago ya zauna ya rubuta manhajojin da ke kawo masa kuɗi da gaske. Wanda rubutu da katin biki ne abincinsa ba shi da dalilin biyan tarin manhajojin tace bidiyo.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ake yawan faɗawa rami. Ya yi shi da naira, na shekara uku, ba na wata ɗaya ba. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan haya da dala ya ga kuɗin ya ninka har uku, alhali kamfanin bai ƙara masa komai ba, shi kuma ba zai iya ninka kuɗin buga shafi ɗaya ga ɗalibi ba. Babu adalci a ce mai shago a Gombe ya biya kusan abin da takwaransa na Amurka ke biya. Mai shagon ya ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin hayar, sannan ya kwatanta da na saye sau ɗaya: Office 2024 da CorelDRAW duk suna da irin wannan. Ya kuma tambaya ko kamfanin na karɓar naira, kamar yadda Zoho ke yi a Najeriya.

Mataki na uku shi ne duba ƙofar fita tun kafin shiga. A watan Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta maka Adobe a kotu, bisa zargin ɓoye wa masu saye cewa tsarin da suke ɗauka na wata-wata ne, alƙawarin shekara guda ne, kuma wanda ya janye a tsakiya zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage. Don haka mai shago ya bincika nawa ne kuɗin janyewa, ko za a ci gaba da cirar kuɗi daga katinsa ba tare da tambaya ba, da kuma ko fayilolinsa za su buɗu ranar da ya daina biya.

Sai nau'in lasisin. Microsoft 365 Family na amfanin gida ne, ba na kasuwanci ba, kuma Office na saye sau ɗaya kwamfuta guda ake sa wa. Lambar lasisi mai arhar banza da ake tallatawa a intanet sau da yawa ta wata ma'aikata ce, ana iya toshe ta kowane lokaci.

Manhajar sata kuwa, wadda masu gyara ke loda wa kwamfuta a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta saɓa wa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma takan zo da ƙwayar cutar da ke cinye aikin kwastomomi. In kuɗi sun yi ƙaranci, akwai na kyauta kuma halastattu: LibreOffice na rubutu da lissafi, Inkscape na zane, GIMP na hoto. Ya gwada su a kwamfuta ɗaya tsawon wata guda, domin wani lokaci tsarin shafin da aka yi a Word yakan ɗan goce, musamman mai jadawali.

Bayan saye, ya adana rasit da saƙon imel ɗin lasisin, ya yi rajistar da sunan shagon, ba na yaron shago ba. Idan dillali ya sayar masa da jabu, da waɗannan takardu zai kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.