Idon da Ke Gudun Haske

A nan Toranke mukan ga yaro ya ƙi fita rana. Ya shige ɗaki, ya rufe fuska da hannu, hawaye na zuba. Sai mu ce ƙiwuya ce. Ba ƙiwuya ba ce. Idonsa ne ke ciwo, haske kuwa yana ƙara masa zafi. Ga abubuwa huɗu da ke kawo haka.

Na ɗaya, ƙura da hayaƙi. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu sukan sa ido ya yi ja. Mu wanke shi da ruwa mai tsabta, kada mu murtsuke.

Na biyu, amosanin ido. Ƙuda ke ɗaukarsa daga idon wannan ya kai idon wancan. Haka kuma tsumma ɗaya ko maciyin kwalli ɗaya. In ya daɗe, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido. Tsige shi da matsefata ba ya magani, don zai sake tsirowa. Aikin likita ne.

Na uku, ƙyanda. Yaro mai ƙyanda ba ya son haske, kuma hakiya na iya fito masa. Mu kai shi rigakafi tun yana wata tara. Mu riƙa ba yara zogale da manja da gwanda da hanta, gama suna ƙarfafa ido.

Na huɗu, sanƙarau. Shi ne mafi haɗari. Yakan zo da bazara. A 1996 ya kashe mutane da yawa a ƙasar Kano. In mutum na gudun haske, ga zazzaɓi, ga ciwon kai, wuya kuma ya sanƙare, kada a bar shi ya kwana a gida. A kai shi asibitin Gaya nan da nan.

Kada mu ɗiga wa ido ruwan ganye ko na tumatir. Ciwon da ya gagara, akwai asibitin ido a Kano tun 1943.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu wanke wa yaranmu fuska kowace safiya.

Tambayoyi
1. Me ke yaɗa amosanin ido?
2. Faɗi alamun sanƙarau.
3. Rubuta a allonka: Tsabta tana kare ido.