Gadali a Magungunan Hausawa: Tsakanin Gado da Binciken Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Maganin gargajiya ginshiƙi ne a al'adun Hausawa, kuma tsirrai su ne mafi yawan kayan haɗa shi. Wannan darasi zai dubi gadali, tsiron da ya shahara a ƙasar Zamfara, domin ɗalibi ya bambance abin da aka gada a kansa da abin da bincike ya tabbatar, ya kuma san haɗarin da ke tattare da shi.

2.0 Ma'anar Gadali

Gadali tsiro ne mai kai irin na albasa a cikin ƙasa, mai dogayen ganye, wanda kan fitar da manyan furanni farare, wasu da ratsin ja, a farkon damina. Yana son wuri mai danshi, kamar fadamun Kogin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu. Masanan tsirrai sun sanya mafi yawan ire-irensa a jinsin da suke kira Crinum, wanda albasar kwaɗi ma take ciki.

Abin lura ta fuskar harshe shi ne, kalmar gadali ba sunan tsiro ɗaya ba ce, suna ne na tarayya. Akan ji gadalin farin jini, da na kasuwa, da na tsari, wato amfanin da ake nema ne ke raɗa sunan, ba siffar tsiron ba. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa tare da takwarorinsu na kimiyya, kuma irin wannan aiki ya nuna cewa suna ɗaya kan hau tsirrai daban-daban. Saboda haka, abin da ɗan magori ya sayar a kasuwar Tsafe da sunan gadali yana iya bambanta da wanda aka saya a Gusau.

3.0 Matsayinsa a Al'ada

Makiyaya da mafarauta da 'yan dambe na cikin waɗanda aka fi sani da riƙon gadali. Akan dasa shi a tukunya a cikin gida, wasu su yi wanka da shi, wasu su jiƙa su sha. Baya ga buƙatun asiri, akan yi amfani da shi don tari da ciwon fata da saran maciji.

4.0 Abin da Bincike ya Gano

Dangin gadali na ƙunshe da sinadarai masu ƙarfin aiki a jiki. Daga wani ɗan'uwansa mai tsirowa a Turai da yankin Kaukasus aka tace sinadarin galantamin a shekarun 1950, kuma a 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don sassauta cutar mantuwa ta tsufa. Wannan ya nuna cewa masu maganin gargajiya ba su yi kuskure ba da suka lura akwai ƙarfi a irin waɗannan tsirrai.

A gida Nijeriya kuwa, masu bincike a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka sun wallafa sakamakon wani gwaji a 2006, inda suka jarraba ruwan kan Crinum jagus a kan dafin kububuwa da kasa da kumurci. Ruwan ya kare wasu ɓeraye daga dafin kububuwa, amma kariyar ta fi ƙarfi ne lokacin da aka gauraya shi da dafin kafin a yi wa ɓeran allura. Manomin da kububuwa ta sara a gona ba ya da wannan dama, domin dafi ya riga ya shiga jini.

Ana bin matakai uku kafin a amince da magani: gwaji a ɗakin bincike, gwaji a kan dabbobi, sannan gwaji a kan mutane. Binciken gadali a kan dafi bai wuce matakai biyu na farko ba. Allurar kashe dafi ta asibiti ita kaɗai ce aka tabbatar tana warkar da saran maciji mai dafi.

5.0 Haɗarin Gadali

Na farko, kan gadali na ɗauke da sinadarin likorin, mai haddasa amai da gudawa da dalalar yawu. Na biyu, ruwansa kan sa ƙaiƙayi a fata da baki. Na uku, babu tsayayyen ma'auni, domin ƙarfin sinadarin yana sauyawa gwargwadon irin tsiron da ƙasar da ya fito da lokacin da aka tone shi. Na huɗu, yana kama da albasar kura, wadda ke da guba mai rikita bugun zuciya. Yara da masu juna biyu sun fi kowa shiga haɗari. Mafi muni shi ne jinkiri: dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka wanda ya tsaya jiƙa gadali maimakon garzayawa asibiti yana iya zubar da jini har ya rasa ransa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa gadali tsiro ne mai ƙarfi wanda ya cancanci ƙarin bincike, amma ƙarfi ba shi ne tabbacin waraka ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wajibi ne malamin gobe ya adana ilimin magabata a rubuce, ya kuma faɗa wa ɗalibansa iyakar abin da aka tabbatar.

7.0 Auna Fahimta

1. Me ya sa aka kira gadali sunan tarayya?
2. Kawo haɗurra huɗu da ke tattare da shan gadali.
3. Tattaro sunayen ire-iren gadali biyar a garinku, tare da bayanin siffar kowanne.