Karanta Kwalba Kafin Ka Zuba

Jama'a, akwai kalmomin Turanci guda biyu da ake bugawa a jikin kwalaben maganin tsabta, waɗanda mutane da yawa ke ɗauka abu ɗaya ne: antiseptic da disinfectant. Dukkansu aikinsu kashe ƙwayoyin cuta, amma kowanne da muhallinsa.

Wanda aka rubuta wa antiseptic na jikin ɗan Adam ne. Shi ake goga wa fata kafin a yi allura, da shi ake wanke rauni. Sifirit da aidin duk 'yan wannan gida ne, haka ma kuloheksidin, wato man cibiya da ake ba mai jego a asibiti. Shi ake so a shafa wa cibiyar jariri, ba toka ba, ba man goge baki ba.

Disinfectant kuwa na abin da ba shi da rai ne: daɓe, masai, fo na yara, bokiti, teburin yanka nama. Ruwan bilic irin su Hypo da Jik a nan suke. Fata ba ta iya ɗaukar ƙarfinsa. Wanda ya ɗiga shi a gyambo wai don ya bushe da wuri, naman da ke tofowa ya ƙona.

Wani lokaci magani ɗaya ne, tsarmi ne ya bambanta. Sinadarin kabolik da likita Joseph Lister ya soma sa wa raunuka a birnin Gilasgo a 1865, da ma ana zuba shi a ruwan ƙazanta don kashe ɗoyi. Lokacin annobar Ebola ta 2014 ma, ruwan kulorin mai kashi 0.5 cikin ɗari aka ware wa daɓe da kayan aiki, na wanke hannu kuwa 0.05. Ninki goma ke nan tsakaninsu, kuma da ma'auni aka haɗa, ba da ƙiyasi ba.

To, uwargida, idan za ki zuba bilic a wuri, ki fara wanke wurin da ruwa da sabulu tukuna, domin dauɗa tana cinye ƙarfin bilic. Kada ki gauraya shi da wani maganin wanke masai, iskar da ke tashi tana sarƙe numfashi. Kada kuma a juye shi a gorar lemo a ajiye inda hannun yaro zai kai. Wanda bai iya karatun boko ba, ya tambayi mai kemis tun a shago: na jiki ne ko na ƙasa?