Kafin Ka Biya Kuɗin Data "Mara Iyaka", Tambayi Inda Iyakar Take

Bayan sallar isha'i ne Goggona ta gyara mayafi, ta jingina wayarta da fulas ɗin shayi, ta kira autanta da ke karatu a Amurka. Gaisuwa kawai suka yi hotonsa ya tsaya cak, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe. Ta matso da fuskarta dab da gilashin wayar tana cewa, "Kana ji na? Ni fa ina jin ka." Sai muryar ma ta fara yankewa. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ba kai ka ce wannan datar ba ta ƙarewa ba?"

Ni na faɗa, kuma ni na biya kuɗin. Da na duba saƙonnin da kamfanin ya turo wa rautar gidan, sai na tarar tun kwana biyu da suka wuce aka sanar da mu cewa mun kai adadin da aka ware, an rage mana gudu har ƙarshen wata. Datar ba ta ƙare ba, wannan gaskiya ne. Shaƙe ta aka yi, yadda mutum zai taka tiyon ruwa ya bar shi yana ɗiga. Saƙon rubutu yana tafiya, kiran bidiyo kuwa ya gagara, alhali dominsa aka sayi tsarin tun farko.

Wannan dabara ta daɗe, kuma a Amurka har shari'a aka yi a kanta. Kamfanin AT&T ya daina sayar wa sababbin kwastomomi tsarin data mara iyaka a watan Yunin 2010, Verizon ya bi sahu a Yulin 2011. Waɗanda suka riga suka saya an bar su da abinsu, amma daga 2011 AT&T ya fara rage musu gudu idan sun wuce wani adadi a wata. Hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC, ta maka shi a kotu a Oktoban 2014. Ta ce abin ya shafi mutum aƙalla miliyan 3.5, wasu tun daga giga 2 ake shaƙe su, kuma gudun yakan faɗi da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. A 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60.

Batun kiran bidiyo ya fi ba ni haushi. Lokacin da Apple ya fito da FaceTime a 2010, sai da Wi-Fi yake aiki. A 2012 aka buɗe shi ya hau datar layi, sai AT&T ya ce ba kowa zai more ba, sai wanda ya koma sabon tsarinsa na Mobile Share. Wato mai tsohon tsarin mara iyaka ya zaɓa: ko ya riƙe tsarinsa, ko ya ga fuskar iyalinsa yana kan hanya. Kurame suka fi kowa cutuwa, domin da hannu suke magana ta bidiyo, sabon tsarin kuma ya haɗa da kuɗin kiran murya da ba za su taɓa amfani da shi ba. Ƙungiyoyi irin su Free Press da Public Knowledge suka yi barazanar kai ƙara hukumar sadarwa ta FCC, kamfanin ya rinƙa sassautawa kaɗan-kaɗan, masu tsarin mara iyaka su ne na ƙarshe da aka buɗe wa. A 2018 kuma, ana tsaka da kashe wata babbar gobarar daji a Kalifoniya, Verizon ya shaƙe layin 'yan kwana-kwana na gundumar Santa Clara bayan sun wuce giga 25, su ma a kan tsarin da ake kira mara iyaka. Daga baya kamfanin ya yarda ya yi kuskure.

Ban ce kamfani ba shi da hujjar sa iyaka ba. Turken sabis guda ɗaya yana da abin da zai iya ɗauka, kuma idan mutum goma suka kwana suna sauke fina-finai, unguwa ce za ta ji a jikinta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rubuta "mara iyaka" da manyan baƙaƙe a allon talla, a tura iyakar can ƙasan shafi da rubutun da sai an sa tabarau. Tunda haka kasuwar take, a can da nan gida, mai saye ne zai buɗe ido.

Tambaya ta farko kafin ka miƙa kuɗi ita ce: bayan giga nawa ake rage gudu? Kamfanoni suna kiran wannan sharaɗi "ƙa'idar amfani cikin adalci", kuma kusan duk tsarin da aka laƙaba wa mara iyaka yana da ita. Kada ka tsaya a kan maganar yaron shago da zai ce maka, "Wallahi Alhaji, ba ta ƙarewa." Mai yiwuwa shi ma abin da aka faɗa masa ke nan. Ka ce ya buɗe maka shafin kamfanin ko manhajarsa, ka karanta adadin da idonka, ka ɗauki hoton shafin ka ajiye. Ka kuma lura ko adadin na wata ne ko na rana, domin akwai tsarin da ke raba maka datar kullum-kullum. Irin wannan, idan yara suka cinye kason yini da rana, kai da ka dawo daga kasuwa da dare sai ka jira gobe.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ita mutane suka fi mantawa: idan an rage gudun, nawa ake bari? A nan ɗan lissafi zai taimake ka. Ana auna gudu da kilobit ko megabit a sakan ɗaya, kilobit 1,000 shi ne megabit 1. Zoom ya ce kiran bidiyo mai kyau tsakanin mutum biyu yana buƙatar kusan kilobit 600 wajen turawa da wajen karɓa. Saboda haka idan takardar ta ce za a mayar da kai megabit 1 ko 2, kiran mutum ɗaya zai tafi. Idan ta ce kilobit 512, kana bakin gaɓa, kuma da zarar wani a gidan ya buɗe TikTok kiranka ya lalace. Idan 128 ko 64 ne, ka ɗauka murya da saƙon rubutu kawai ka saya. Ka tuna kuma rautar gida ba kai kaɗai ke kanta ba, wannan ɗan gudun kowa ne zai yaga.

Akwai wani abu da tallan kamfani ba ya ambata, wato gudun turawa. Mai kallon fim karɓa kawai yake yi. Mai kiran bidiyo kuwa hotonsa yake turawa a duk sakan. Shi ya sa za ka ga YouTube yana tafiya lafiya a wayarka, amma ɗan'uwanka a can yana cewa fuskarka ta dagargaje. Sauke manhajar Speedtest, ka gwada a ɗakin da aka saba yin kiran, a lokacin da aka saba yinsa, ka duba lambobin biyu. Gwajin ƙarfe goma na safe a bakin titi ba ya gaya maka abin da zai faru ƙarfe tara na dare a uwar ɗaka, lokacin da kowa a unguwa ya hau waya. Sannan ka buɗe shafin Fast.com, wanda na Netflix ne. Idan Speedtest ya nuna gudu mai yawa, Fast.com kuma ya nuna ɗan kaɗan a lokaci guda, akwai alamar kamfanin yana shaƙe bidiyo ne daban. A Amurka wannan ba ɓoyayyen abu ba ne: T-Mobile ya fara rage ingancin bidiyo da tsarinsa na Binge On a 2015, Verizon ma ya sa irin wannan iyaka a 2017.

Da yawa daga cikinmu ba mu san nawa muke ci a wata ba, shi ya sa kalmar "mara iyaka" ke jan mu. Kowace wayar zamani tana da wurin da take lissafa datar da kowace manhaja ta ci, yana cikin saiti. WhatsApp ma yana da nasa lissafin a sashen ma'ajiya da data, har yana ware abin da kira ya ci. Ka share lissafin ranar ɗaya ga wata, ka dawo ka duba bayan mako biyu. Abin da na gani a gidan Goggo ya ba ni mamaki: duk kiran da take yi da ɗanta bai kai rabin abin da talabijin ɗin falo ke lashewa ba. Amma ba abin mamaki ba ne idan aka yi lissafi. Layin da ke jan megabit 1 ba tsayawa yana cin mega 450 a awa, fim mai tsabtar hoto kuwa Netflix da kansa ya ce yana iya cin giga 3 a awa guda. Idan ka san adadinka, sau da yawa za ka ga tsari mai iyaka bayyananniya, wanda ke ba ka cikakken gudu har ƙarshe, ya fi maka mara iyakar da za ta gurgunce a tsakiyar wata.

Ga wata ɓaraka da ba a cika lura da ita ba. Waya da kwamfuta suna ɗaukar duk Wi-Fi a matsayin ruwan rafi, kyauta. Da zarar sun hau rautar gida sai su fara sabunta manhajoji, su kwashe hotuna da bidiyon biki su tura ma'ajiyar intanet, ba tare da sun tambaye ka ba. Shiga saitin Wi-Fi na kowace na'ura ka nuna mata cewa wannan layin na awo ne, Android da Windows duk suna da wannan zaɓin, iPhone kuma yana da yanayin rage cin data. Kashe saukar bidiyo da kanta a zaurukan WhatsApp, musamman zauren dangi da na tsofaffin ɗalibai inda bidiyo ɗaya ke zagayowa sau biyar. Lambar sirrin rauta kuma a canza ta lokaci-lokaci. Zumunci da maƙwabta abu ne mai kyau, amma a san da su a cikin lissafi.

In tsarin yana da na mako, fara da shi kafin na wata, kuma ka kashe sabunta tsarin da kansa har sai ka gamsu. Mai niyyar jona kwamfuta ta hosfot ya tambaya tun farko, domin wasu tsare-tsaren suna ware masa ɗan kaso daban.

Matafiyi yana da ƙarin abin dubawa, saboda a wasu wuraren dokar ƙasa ce ke toshe kiran. A Dubai da sauran Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp da FaceTime ba sa aiki yadda aka saba, sai manhajojin da hukuma ta amince da su, irin su Botim. Ɗan kasuwar da zai tafi sarin kaya ya sauke ta tun yana gida, ya sa wa maiɗakinsa da iyayensa, a gwada a gabansa. Ba na ba da shawarar dogaro da VPN a can, dokarsu tana da tsauri a kan abin da ake yi da shi. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya sauka Amurka kuwa ya nemi takardar bayanin tsari, wadda FCC ta wajabta wa manyan kamfanoni nunawa tun Afrilun 2024. Tana kama da bayanin da ake bugawa a jikin kwalin abinci, tana nuna farashi da gudu da adadin data. Ya kuma sani cewa a tsare-tsare masu araha, idan turke ya cika, su ake fara turawa bayan layi.

To idan an riga an shaƙe ka, ga kira ya zama dole? Kunna zaɓin rage cin data na kira a saitin WhatsApp. Roƙi mutanen gida su sauka daga layin na minti goma. A gaisa da bidiyo a ga juna, sannan a kashe kyamara a ci gaba da murya, domin murya ba ta buƙatar gudu mai yawa. Haka muka yi a daren nan, Goggo ta samu ta yi wa ɗanta addu'a har ƙarshe ba yankewa. Da wata ya ƙare na sa mata layinta daban da data mai adadi sananne, wadda ba mai taɓawa sai ita.

Idan kuwa abin da aka yi maka ya saɓa wa abin da aka rubuta, kada ka ce ka bar su da Allah ka yi shiru. A Najeriya *323# yana nuna maka ragowar data a kowane layi, 300 kuma ita ce lambar sashen kula da kwastomomi. Kira su, ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta. In ba su gyara ba, kira 622, layin kyauta na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ka ba su wannan lambar. Hoton sharuɗɗan da ka ɗauka ranar saye, da saƙon da suka turo maka, da sakamakon gwajin gudu mai kwanan wata, su ne shaidunka, don haka kada ka goge ko ɗaya.

Mai karatu, ranar da za ka je saye, in mai sayarwa ya kasa nuna maka a rubuce giga nawa ne da kuma gudun da zai rage bayansu, mayar da kuɗinka aljihu ka leƙa shago na gaba.