Abin Da Ba A Ƙwace Wa Mutum

'Ya'yana na Tsanyawa, da na Yankamaye da Tatsan da Gurun, da ku da kuke ci-rani kuna jin labarin gida ta waya, ku ba ni aron kunnuwanku. Tambayoyi biyu ne suke hana yawancinku sakat a yau: "Wane aiki kake yi?" da "Yaushe za mu sha biki?" Ana yi muku su a wurin suna, ana yi a zaman makoki, ana yi ranar sallah. Mai amsa sai ya ɗaga kai, marar amsa ya sunkuyar, har wani ya daina halartar taron dangi. Wannan sunkuyar da kai shi ne yake damuna.

Kada wani ya ce tsoho ya raina sana'a ko aure. Aure sunna ce, neman halal kuwa wajibi ne, kuma ina yi wa kowannenku addu'ar samun duka biyun. Abin da nake jiye muku shi ne ku ɗora darajarku kacokan a kan abin da za a iya raba ku da shi da rana tsaka.

Ku tambayi yayyenku abin da ya faru a watan Janairun 2013. Bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a birnin Kano. Samarin karkara da yawa da ke ciyar da gida da babur suka wayi gari ba sana'a. A 2022 Legas ma ta hana a wasu ƙananan hukumominta, 'yan ci-rani suka yi ta dawowa. Na ga iri biyu a cikin waɗanda suka dawo. Akwai wanda ya zauna a gindin bishiya yana jin ya gama yawo, don a ganinsa shi ɗan acaɓa ne kawai, babur ya tafi, shi ma ya tafi. Akwai kuma wanda tun yana kan babur mutane suka san idan an ba shi saƙon kuɗi zuwa gida zai kai ba ko kwabo da ya yi ciwon kai. Wannan bai daɗe a zaune ba. Wani ya ba shi jari, wani ya damƙa masa shago, domin amanar da aka sani tare da shi ba ta cikin abin da doka ta hana.

Haka nake gaya wa ɗana da ya gama NCE a Bichi ko digiri a Jami'ar Bayero, ya dawo gida yana jiran takardar ɗaukar aiki. Ɗana, iliminka naka ne ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba. Ƙasarmu a cike take, gona na jikin gona, gado kuma kullum ƙara rabuwa yake, na san ba kowa noma zai riƙe ba. Amma kada kunyar takarda ta hana ka ɗaukar fartanya ranar gayya, ko tara ƙannenka bayan la'asar ka koya musu lissafi. Garin nan yana kallonka a lokacin da ba ka da komai, kuma shaidar da zai ba ka nan gaba a yanzu yake tara ta.

Maganar aure ta fi ciwo, musamman ga 'ya'yana mata. Namiji marar mata a yi masa ba'a, a Kano har tashen gwauro aka saba yi da azumi ƙarƙashin Nalako, a yi dariya a watse. Mace kuwa idan ta daɗe a gida, ko aurenta ya mutu, ba dariya ake yi ba, ƙus-ƙus ake yi. Sunanta ma sai ya ɓace, ta koma "bazawarar gidan wane". Tun 2012 gwamnatin Kano ta hannun Hisba take ɗaura auren zawarawa, a 2023 ma an aurar da mata 1,800, kuma alheri ne. Sai dai 'yata, idan naki bai zo ba tukuna, ba a dakatar da rayuwarki ba.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da aurenta ya mutu tana da ƙuruciya. Gyaɗa take soyawa, ta kai inji, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Ita ce uwar adashin matan unguwa. Ranar zubi za ka same ta a kan tabarma da tsohon littafin makaranta, ƙaramar 'yarta na rubuta suna, ita tana ƙirga kuɗi sau biyu kafin ta ƙulle a leda ta jefa cikin kwalla. Ranar kwasa ba a taɓa jin ta ce a dawo gobe ba. Matan aure da mazajensu ke da rumbuna cike, wurinta suke kawo ajiya, wurinta suke kawo ƙarar kishiya. Ban san wata matar aure a unguwar da ta fi ta nauyi a idon jama'a ba, kuma da hannunta ta gina wannan.

Manyanmu ma haka suke. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne a Maru, ya ajiye aikin a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP a 1979 bai samu ba, ya rasu a 1983. Ku tambayi duk dattijon da ya gan shi, ba zai fara da muƙami ba. Zai ce maka Malam bai tara dukiya ba, ya tsaya wa talaka a lokacin da tsayawar take kai mutum kurkuku.

Saboda haka idan gwaggo ta sake tare ki a wurin biki, 'yata, ki gaishe ta da ladabi, ki ce lokaci ne, a taya ki da addu'a, ki wuce abinki. Ba da mugunta take tambaya ba, ita ma haka aka tambaye ta. Kai kuma ɗana, idan kawu ya ce har yanzu shiru, ka ce masa kana nema, ka gaya masa abin da kake yi kafin a samu, ko da kiwon tumaki biyu ne. Kada ɗayanku ya sake ƙaurace wa taron dangi saboda waɗannan tambayoyi, domin a can ake jin wanda ke neman amintaccen yaro a shagonsa, a can kuma ake ganin ɗiyar da za a nema wa ɗa.